Yadda Ake Kafa Kulob Ɗin 'Yan Jarida A Makarantar Sakandare, Ya Kuma Ɗore

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da kulob ɗin 'yan jarida a makarantar sakandaren kwana ta maza inda nake koyar da Hausa. Ranar da aka damƙa mini shi, abin da na tarar bai wuce suna a jadawalin yammacin Laraba ba: yara huɗu, tsohuwar rajista da gara ta ci bayanta, da wata al'ada ta kwaso labaran rediyo a karanta a asambuli. Yaro zai hau dandamali ya ce an yi girgizar ƙasa a wani gari da ko sunansa bai iya faɗa ba, ɗalibai na tsaye cikin sanyin hunturu suna hamma. A makon da na karɓi kulob ɗin kuwa famfon bayan ɗakin cin abinci ya kwana tara bai kawo ruwa ba. Yara na fita da bokiti tun kafin asuba, kowa na ƙorafi a ɗakin kwana, amma babu wanda ya taka ya tambayi abin da ya same shi.

Tun daga ranar na yanke cewa jaridarmu ba za ta yi gasa da BBC ba. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake aikinsa, kuma duk gidan da yaran nan suka fito akwai rediyo. Abin da babu mai kawo musu shi ne labarin abin da ke faruwa tsakanin ƙofar makaranta da katangar baya, wanda aka je aka gani, aka tambaya, aka tabbatar, kuma yake fitowa duk mako ba fashi. Na rubuta wannan ne domin malamin da aka ɗora wa kulob ba a nuna masa hanya ba, da ɗalibin da yake son ya farfaɗo da nasu.

Ka fara da ofishin firinsifal

Kada ka tara yara tukuna. Rubuta takarda shafi ɗaya ka kai wa shugaban makaranta da hannunka, ka nemi abu huɗu: wuri a jikin bango, minti biyar a asambulin Litinin, izinin yara su yi wa ma'aikata tambayoyi, da sunan mutum ɗaya daga hukumar makaranta da zai riƙa duba jaridar kafin a kafa ta. Na huɗun nan gara ya fito daga bakinka kafin a ɗora maka shi. Ni abin da na ce shi ne, "Ranka ya daɗe, ba abin da zai hau bango sai wanda ka wakilta ya gani. Roƙona ɗaya ne, idan zai cire labari ya gaya mini dalili, don in sami abin da zan faɗa wa yaran." Sai ya wakilta mataimakinsa mai kula da harkar karatu.

Na san akwai masu cewa wannan takunkumi ne. Ina karantar da yarana sashe na 39 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, da sashe na 22 da ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai nauyin bin diddigin gwamnati. Amma makaranta gida ce mai maigida, marubutan kuma 'yan sha biyar ne, sha shida. Kulob ɗin da ya fara da yi wa hukuma kwanton ɓauna ba ya ganin ƙarshen zango. Wanda ya fara da amana, bayan shekara biyu za ka ga ana sa masa hannu a kan labaran da da farko ko kusa ba za a bari ba, saboda an gwada an ga ba ya kawo ƙarya.

Waɗanne yara

Yara sha biyu zuwa sha biyar sun isa. Idan suka haura ashirin taron ƙauye ne, rabinsu sun zo ne don a ɗauke su hoto ranar yaye ɗalibai.

Kada ka ɗauko jerin waɗanda suka fi cin Turanci ka ce ka sami 'yan jarida. Ga jarrabawar da nake yi: in ba kowane mai nema rabin takarda, in ce ya je bakin get ko kicin ko kilinik ya tsaya minti ashirin, ya dawo ya rubuta mini layi biyar na abin da idonsa ya gani. Wani zai rubuto cewa makarantarmu tana da kyau da tsafta. Wani kuma zai rubuto cewa mutum bakwai ne a layin kilinik, benci ɗaya ne, biyu suna zaune a ƙasa, kuma ma'aikacin ya fita neman makullin kabad. Na biyun nan ko rubutunsa kamar tsutsa ne, ɗauke shi. Rubutu ana koyar da shi a zango ɗaya, ido kuwa ba kowa Allah ya ba ba.

Ginshiƙin kulob 'yan SS1 da SS2 ne, sai 'yan JSS3 biyu ko uku masu koyon aiki. 'Yan SS3 da zarar zango na biyu ya yi nisa hankalinsu ya koma kan WAEC da NECO, kuma haka ya dace. Kada ka naɗa hedboi ko wani firifet edita. Rabin labaran makarantar kwana su suka shafa: aikin share fili, rabon abinci, horon juniyoyi. Mutum ba ya zama alƙali a shari'ar kansa.

Sai ka raba musu fage, kowa ya san nasa: abinci da ruwa, kilinik, wasanni, laburare da ɗakin gwaje-gwaje, masallaci da sauran ƙungiyoyi irin su MSS ta ɗalibai Musulmi da JETS ta kimiyya da fasaha da 'yan muhawara, sai fareti. Yaro ya riƙe fagensa zango guda cur, don mutanen wurin su san fuskarsa. Ka ware mutum biyu masu kyan rubutun hannu, da ɗaya mai iya zane.

Kayan aiki da wurin kafawa

Kwali fari babba guda biyu duk mako, maka baƙa da ja, rula, ƙananan ƙusoshi, farar leda ta rufewa saboda damina da ƙurar hunturu, da ƙaramin littafi ga kowane mai rahoto, wanda zai shiga aljihun wando. Idan littattafan sun yi tsada, a sayi na rubutu a yanka shi biyu. Kuɗin ka nema a wurin ƙungiyar iyaye da malamai ko tsofaffin ɗalibai. Kada ka yanka wa yara haraji, domin mai idon nan da na ce ka ɗauka sau da yawa shi ne wanda ko kuɗin sabulu ba a aiko masa.

Wurin kafawa ya fi kayan muhimmanci. Shekarar farko a barandar ofis muka kafa allonmu, inda ɗalibi ba ya bi sai an kira shi hukunci. Babu mai karantawa sai malamai. Da muka mayar da shi barandar ɗakin cin abinci, inda ake layi sau uku a rana, sai da muka ƙara masa katako saboda turereniya. Ka nemi inda yara suke jira dole, can ne gidan jaridarka.

Koyar da rubuta labari

Nan ne aikin yake, kuma nan ne za ka fi ɓata lokaci. Yaranmu sun saba da rubutun insha'i, inda ake fara da gabatarwa, a yi ta kewaye-kewaye, sai a can ƙarshe a faɗi abin da ake nufi. Labari a kife yake: abin da ya fi muhimmanci shi ne a sama, domin mai karatu a layin abinci yake, kafin ya kai layi na shida an turo shi gaba.

Tambayoyi shida nake sa su rubuta a bangon littafinsu: wa, me, ina, yaushe, yaya, don me. Sannan in ɗauki rubutun ɗayansu mu gyara tare a allo. Ga irin abin da mai rahoton fareti ya taɓa kawo mini, ana saura kwana goma Ranar Yara:

"Kamar yadda kowa ya sani, fareti abu ne mai matuƙar muhimmanci a rayuwar ɗalibi. Makarantarmu mai albarka ta daɗe tana taka rawar gani a wannan fanni, kuma muna yi wa jarumanmu fatan alheri."

Na tambaye shi, mutum nawa ne za su yi faretin? Ya ce da yawa. Na ce wa ya zaɓe su? Ya ce ai Malam ne. Na ce ka yi magana da shi? Ya sunkuyar da kai. Na ce to koma filin, ka ƙirga su da yatsa, ka jira a tashi, ka gaishe da malamin wasanni ka tambaye shi abin da ya rage ba a shirya ba. Washegari ga abin da ya kawo, bayan mun ɗan rage shi:

"Ɗalibai 36 ne za su wakilci makarantarmu a faretin Ranar Yara na 27 ga Mayu a filin wasa na cikin gari. Malamin wasanni ya ce an zaɓo su ne daga cikin 60 da suka fara atisaye makonni uku da suka wuce. Ya ce har yanzu takwas ba su da farin kambas, kuma fatar babbar ganga ta fashe, an kai ta kasuwa gyara."

Babu kalmar yabo ko ɗaya a ciki, amma kafin Laraba 'yan SS3 sun ara wa takwas ɗin nan takalma. Wancan na farkon da an kafa shi da babu abin da zai motsa.

Dokoki uku nake maimaitawa har sai sun gundure su. Ta farko, gani ya kori ji: idan wurin yana cikin makaranta, sai ka taka ka je. Ta biyu, duk maganar da ba idonka ya gani ba sai an san bakin da ta fito, "an ce" da "wai" da "majiya mai tushe" ba su da wuri a kwalinmu. Ta uku, idan ka rubuta sunan mutum da muƙaminsa, ka miƙa masa littafin ya duba da idonsa. Mutum zai yafe maka abubuwa da yawa, amma ba ya manta ranar da aka rubuta sunan mahaifinsa ba daidai ba.

Ra'ayi kuma yana da gurbinsa daban. Muna ja masa jan layi a kusurwar kwali na biyu, a rubuta "Ra'ayi" da sunan mai shi da ajinsa. Wanda ba zai iya sa sunansa ba, ya riƙe ra'ayinsa.

Labarin da ya sa aka rufe mu mako shida

A shekarata ta uku, gabza, wato tuwon makaranta, ta ragu a faranti har yara suka fara magana. Mai rahoton abinci ya kawo labari cewa an ga mai kula da sito yana loda buhunan gari a mota bayan magariba. Wani siniya ne ya gaya masa, ya kuma rantse da idonsa ya gani. Mataimakin firinsifal ya yi tafiya a ƙarshen makon. Na karanta labarin, na ga ya yi daidai da abin da ni ma nake zargi a raina, sai na ce a kafa, ban jira kowa ba.

An loda buhunan, wannan gaskiya ne. Amma gari ne da ƙwari suka ɓata, firinsifal da kansa ya ce a mayar wa ɗan kwangila a canzo. Abin da ya rage gabzar ke nan, ana lallaɓa ɗan mai kyaun da ya saura. Da hantsin Litinin dattijon nan mai sito ya shigo ɗakin malamai, hularsa a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, daga nan zuwa sito taku nawa ne?" Na rasa abin cewa. Ya ce, "Ina da 'ya'ya a garin nan, kuma yaranku suna da iyaye a garin nan." Ya juya ya fita.

Laifin nawa ne, domin yaro ya kawo abin da ya ji, ni ne babban da ya kamata ya ce masa je ka ji ta bakin mai sito. Na ɗauki edita da mai rahoton muka je har gidansa muka ba shi haƙuri. Da aka buɗe mu bayan mako shida, abin da muka fara kafawa shi ne gyara, a daidai gurbin da labarin ya fito, da girman rubutu iri ɗaya, aka kuma karanta shi a asambuli.

Daga nan muka kafa doka ta huɗu, wadda ta fi sauran ƙarfi: duk labarin da zai taɓa mutuncin wani ba ya fita sai an je an same shi, an karanta masa abin da ake cewa, an rubuta amsarsa. Idan ya ƙi magana, a rubuta cewa an je ya ƙi. Idan kuma zargi ne na sata, ko cin zarafin yaro, ko wani abu mai nauyi irin wannan, to ya wuce bango. Uban ƙungiya, wato malamin da ke riƙe da kulob, zai ɗauka ya kai wa hukuma a asirce, ya kuma bi sawu. Duk sabon ɗan kulob nakan karanta masa aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta yi umarni da a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin rashin sani a wayi gari ana nadama, da hadisin da ya nuna cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Yadda ake tambayar manya

Yaro ɗan sha biyar ba zai tsaya a gaban dattijo da biro ya hau jero tambayoyi kamar ɗan sanda ba, kuma bai kamata ba. Sai ya yi sallama, ya rusuna ya gaisa, ya faɗi sunansa da wanda ya aiko shi: "Baba, ina kwana. Daga kulob ɗin 'yan jarida nake, Malam ne ya ce in zo in ji yadda aikin kicin yake a bakinka, idan kana da sarari." Idan mutum yana tsakiyar tuƙa tuwo, a tambaye shi lokacin da za a dawo. Su je su biyu, ɗaya na tambaya ɗaya na rubutu. Tambayoyi biyar a rubuce sun isa, ta ƙarshe kullum ita ce, "Akwai abin da ban tambaya ba da kake son ɗalibai su sani?" Sau da yawa a nan labarin yake.

Hirar da aka fi karantawa a tarihin allonmu ba da wani babban baƙo aka yi ta ba. Da Baba maigadi aka yi, wanda ya girmi yawancin gine-ginen makarantar a wurin, ya ba da labarin lokacin da filin ƙwallo yake gonar gyaɗa. Ka sa a riƙa yin irin wannan sau ɗaya a wata: kuku, direba, mai shara, ma'aikacin laburare.

Zagayen mako

Laraba da yamma taro, kowa ya faɗi abin da ke motsi a fagensa, edita ya raba aiki. Alhamis da Juma'a neman labari, a miƙa wa edita bayan la'asar ɗin Juma'a. Asabar da safe, bayan duba ɗakuna, mu zauna mu tace. Da yamma in kai wa mataimakin firinsifal. Lahadi masu kyan rubutu su hau kwali, da fensir tukuna sannan maka. Litinin kafin ƙararrawar karin kumallo jarida tana bango. A makarantar jeka-ka-dawo sai a matsar da tacewa zuwa Litinin, a kafa Laraba.

Ko labari uku kacal aka samu, a kafa. Jaridar da ta fito da kwali ɗaya a ranarta ta fi wadda ta fito da huɗu bayan mako uku. Makon jarrabawa kawai muke hutawa, shi ma sai mun sanar.

Hausa ko Turanci

Duka biyun. A makarantu da yawa yin Hausa a aji laifi ne, banakula ake ce masa, har tara ake ci. Na fahimci dalilin, jarrabawa da Turanci ake yin ta. Amma ɗan JSS1 da ya zo daga ƙauye wata biyu da suka wuce shi ma yana da haƙƙin sanin ranar da ruwa zai dawo. Mu kwali ɗaya Turanci ne, ɗaya Hausa, kuma ba fassarar juna ba ne kalma da kalma. Manyan labarai biyu suna fitowa a duka, sauran kowane da nasa. Malamin Turanci yana duba nasa ɓangaren.

A ɓangaren Hausa ba na sassauci a kan ƙa'idar rubutu, musamman haruffa masu lanƙwasa. Mun taɓa kai ziyara gidan sarki, mai rubutu ya ga kalmar "fada" ya ɗauka an manta lanƙwasa, ya gyara da kansa. Kanun ya fito "Ɗalibanmu Sun Je Faɗa". Allah Ya sa da fensir ne. Haka baki da baƙi, kasa da ƙasa, kafa da ƙafa. Sai raba kalmomi: "ya ce", "shi ne", "su ne", ba a haɗe su. Ina sayo Aminiya in yanka labarai in raba musu, su nemo tambayoyi shidan nan a ciki da jan biro. Nakan kuma gaya musu cewa aikin da suke yi yana da asali: a Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na editanta, kuma sunan da aka zaɓa mata ya isa darasi.

Minti biyar na asambuli

Labari huɗu, mutum biyu masu karatu, ɗaya da Turanci ɗaya da Hausa. Ba kwalin ake karantawa ba, a sake rubuta kowane labari da gajerun jimloli waɗanda numfashi ɗaya zai ɗauka. Daren Lahadi bayan firef sai su gwada a fili, ni ina tsaye a inda layin ƙarshe yake tsayawa, da agogo a hannu. Idan ban ji ba, a sake. Ka riƙa juya masu karatun, har da mai in'ina idan yana so. Kada ka taɓa wuce minti biyar ɗin, domin ranar da ka ci lokacin firinsifal ranar za a fara tunanin ƙwace shi.

'Yan fareti

Ka ƙulla zumunci da malamin da ke riƙe da 'yan fareti ko kadet, idan kuna da su. Su ne ƙungiyar da ta fi kowace samar da labari, daga shirin 1 ga Oktoba a farkon zango na ɗaya, zuwa macin wasannin gidaje, zuwa 27 ga Mayu. Ranar fita ka roƙa wa mai rahotonka kujera ɗaya a motar. Ka gaya masa kada ya tsaya a kan wa ya zo na ɗaya kawai: ƙarfe nawa aka isa, ƙarfe nawa aka fara, an ba su ruwa, akwai wanda jiri ya ɗauka a rana? Rahoto irin wannan ne ya sa aka fara tafiya da jarkokin ruwa da ɗan abin karyawa, maimakon yara su tsaya tun safe har azahar da cikin wofi.

Kuma na lura yaran da suka saba da "hagu, dama" ba sa makara da rahoto. Duk shekara nakan nemi ɗaya ko biyu daga cikinsu su shigo mana.

Waya da hotuna

Za a matsa maka a buɗe wa kulob shafin Facebook. Shawarata, sai jaridar bango ta shekara tana fita ba fashi. Kuskuren da aka yi a kwali ana cire shi da ƙusa huɗu, wanda ya hau intanet kuwa ya tafi ke nan. Idan an buɗe, makullin shafin ya zauna a hannun malami, kuma kada a ɗora hoton ɗalibi da sunansa sai da yardar iyayensa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta tanadi neman yardar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro. Sunan yaron da aka hukunta, ko marar lafiya a kilinik, ko wanda ya faɗi jarrabawa, ba ya fita ko a bango ko a waya.

Sau ɗaya a shekara ka fitar da su su ga aikin a inda ake yin sa. Rubuta wa gidan rediyon jiha ko reshen ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa, NUJ, na jiharku takarda da hatimin makaranta, ka nemi ziyara ko a turo muku ɗan jarida ɗaya. Ranar 3 ga Mayu, ranar 'yancin 'yan jarida ta duniya, lokaci ne mai kyau na yin haka. Ka roƙi baƙon ya zo da rubutunsa na ainihi wanda edita ya yi wa kaca-kaca da biro, yara su gani.

Miƙa ragama

Yawancin kulob-kulob a nan suke mutuwa: edita mai ƙoƙari ya gama makaranta, ya tafi da komai a kansa. Mu a tsakiyar zango na biyu ake zaɓen sabon edita daga SS2, 'yan kulob su kaɗa ƙuri'a a takarda, ni ina da ikon hawa kujerar na-ƙi amma sau ɗaya na taɓa amfani da shi. Tsohon edita zai zauna kusa da sabon mako huɗu, sannan ya tafi karatun jarrabawarsa. A rubuta komai a littafi ɗaya mai kauri: dokoki huɗu, zagayen mako, fagage, inda ake sayen kwali. Kai ma uban ƙungiya ka jawo wani malami matashi kusa, domin takardar canjin wurin aiki ba ta sallama.

Kwalayen da aka cire kada a bari a yi shimfiɗa ko fifita da su. A rubuta kwanan wata a bayan kowane, a naɗe na zango guda wuri ɗaya, a sa a leda, a ɗora a saman kabad inda gara da ɗigon ruwa ba sa kaiwa. Namu suna cikin wata tsohuwar akwatin ƙarfe a ɗakin malamai. Ranar da sabon edita zai karɓi aiki nakan buɗe ta in zaro kwali biyu, na labarin sito da na gyaransa, in shimfiɗa su a tebur ya karanta a tsaye. Idan ya gama sai in miƙa masa makullin akwatin da littafin nan mai kauri, in ce ya je ya rubuto fagagen da zai raba ranar Laraba.